Tonton Jean Yana Tashi Salla

Masu karatu, ku ajiye duwatsun tukuna. Na ga abin da kuka rubuta a ƙarƙashin kashin da ya wuce, har da wadda ta ce da ita ce uwata da tuni ta jefa wayata a kwata. Na gode, Hajiya. Amma ku bari in kai ƙarshe, don ni kaina ban san lokacin da abin ya kai inda ya kai ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Rabi'atu, shekarata ashirin da huɗu. A unguwar New Bell ta birnin Douala aka haife ni, a nan aka haifi Babana ma. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. Ina zama a wani ɗan kiyos na tura kuɗi ta waya a bakin layinmu, daura da masallaci. Mai nemana kuwa Isma'il ne, ɗan unguwar Logbaba, yana aiki a tashar jiragen ruwa wajen wani mai fitar wa 'yan kasuwa kaya daga kwastan.

A kiyos na fara saninsa, kuma ba kyansa ne ya fara jan hankalina ba, ko da yake yana da shi, ba zan ɓoye ba. Yadda yake cirar kuɗi ne. Ni na san 'yan caca kamar yunwar cikina. Masu cacar ƙwallo sukan zo da gumi su sa dubu biyu, bayan awa ɗaya su dawo ido jajur su sa dubu biyar, da yamma kuma ka gan su suna zagin ɗan wasan da bai san suna duniya ba. Shi wannan sau ɗaya yake zuwa a wata. Zai ciro wata ƙaramar waya daban da wadda yake amsa kira da ita, ya ciri kuɗi, ya sa su a ambulan, ba a walat ba. Ba murna a fuskarsa, ba ɓacin rai. Ni kuma ciwona ke nan tun ina yarinya, son jin ƙwaƙwaf. Me zai kawo mutum tun daga Logbaba ya ciri kuɗi a New Bell, alhali kiyos ya fi goma a unguwarsu?

Wata rana ana ruwa ya fake a rumfata, sai na leƙa ƙaramar wayar. Wani koren tebur na gani, da karta biyar a jere, da sunaye a kewaye. A ƙasa an rubuta Dibamba90, sunan da yake wasa da shi. Na tambaye shi mene ne wannan, ya ce sunan wasan poka, lissafi ne da haƙuri.

"Caca dai," na ce.

Bai musa ba. Ya ce e, caca ce, ya kife wayar a cinyarsa, ya koma tambayata ko ruwan nan yana shiga kiyos ɗin. Daga ranar bai ƙara ɗaga maganar ba, ni ma ban ɗaga ba. Bayan wata biyu ya fara zuwa zance gidanmu, da sallamarsa da farar shaddarsa, har ya turo baffansa ya gai da Baba.

To a nan matsalar take. A gidanmu karta ta fi naman alade laifi. Baba yana da ƙane, Baffa Ɓoɓɓo, wanda ya gaji rumfar atamfa a kasuwa ya ƙarar da ita a kan tabarmar karta cikin shekara biyu. Matarsa ta tafi, shi ma ya bar garin, har yau ba mu san takamaiman inda yake ba. Na taɓa ganin Baba ya ƙwace karta a hannun yaran maƙwabta ya cusa ta a murhun gawayi. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba sai ranar.

Mace mai hankali da sai ta tambayi Isma'il kai tsaye, ko ta rabu da shi. Ni sai na ce bari in yi bincike da kaina. Wallahi haka na faɗa wa zuciyata, bincike. Na sauke manhajar a wayata, da ta nemi suna na rubuta Tonton Jean, wato Kawu Jean da Faransanci, don ba wanda zai ga wannan sunan ya tuna da 'yar Hausawa mai hijabi. Tsoho na ƙirƙira a raina, mai tumbi, ɗan fansho, yana zaune a unguwar Japoma ba aikin yi.

Da kuɗin wasa na fara, irin wanda suke ba ka kyauta ba ya sayen komai. Kwana huɗu na ƙarar da shi tas. Ba don ban gane dokar ba. Dokar mai sauƙi ce: a ba ka karta biyu a ɓoye, a baje biyar a tebur, wanda haɗinsa ya fi ƙarfi ya kwashe, sai dai in wani ya yi maka burga ka tsorata ka yar da naka. Matsalata ba na iya yarwa. Ko an ba ni tarkace sai na bi har ƙarshe, don kawai in ga abin da ke hannun mutumin. Sai da na kalli bidiyoyi na Faransanci sun fi talatin, ina ɓoye abin sauraro a ƙarƙashin hijabi, kafin na gane cewa rabin wasan shi ne ka haƙura da sani. Ka yar da kartarka, mutum ya kwashe, kuma har abada ba za ka san ko ƙarya ya yi maka ba. Ku da kuka san halina, kun san wannan ya fi mini azumin bazara wuya.

Daga nan na shiga wata gasa ta kyauta, mutum ɗari tara da wani abu, na zo ta goma sha huɗu. Aka ba ni sefa dubu ɗaya da ɗari takwas, kuɗin gaske. Wannan shi ne jarina, ban taɓa ƙara masa ko dala daga aljihuna ba. Na sayi littafin 'yan makaranta mai bango ja, na rubuta wa kaina doka a shafin farko. Ba zan zauna a tebur da abin da ya wuce kashi ɗaya cikin hamsin na jarin ba. In ya ragu, in sauka teburin ƙanana ba tare da jin kunya ba. In an cinye ni sau uku a jere, in rufe wayar in sayi makala, wato fanke, da wake in ci. Sauran shafukan kuwa mutane na cika su da su: wane ba ya burga sai ya ga mutum biyu kawai suka rage, wane in aka cinye shi sai ya haukace ya yi ta zuba kuɗi. Abin da na fi so ke nan, karanta mutane. Tsakanin azahar da la'asar kasuwa takan mutu a layinmu, ga ruwan Douala yana dukan kwano, ni kuma ina zaune ina karanta wani mutum da ban san ko a wace ƙasa yake ba.

Wata bakwai, jarin ya kai dubu ɗari da sittin da uku. Kada ku ce kai, ku ji sauran. Ban taɓa cirar ko sisi ba. Na san mene ne. Ba zan iya sayen biredi da shi in kai gidan Baba ba, ba zan iya sayen ɗankunne in sa in yi salla da shi ba. Yana nan a cikin waya yana girma, ni ina kallonsa ina jin daɗi, ina kuma jin tsoron Allah, duka a lokaci guda. Abu ɗaya na riƙe: da Malam Abdulƙarim, ladanin masallacinmu, ya ce Allahu akbar, nake danna tashi daga tebur, ko me ke hannuna.

A wata na biyar na kai matakin da Dibamba90 yake wasa. Ashe zaman jiran takardu a tashar ne yake ba shi lokaci. Na buɗe masa shafi guda. Mutum ne mai haƙuri, ba ya bin tarkace, amma yana da aibi ɗaya: in kartarsa mai ƙarfi ce nan da nan yake sa kuɗi, in burga zai yi sai ya ɗan jira, kamar mai ƙirga bakwai a zuci. Wata Laraba ya jira, na bi shi, na kwashe masa dubu tara.

Da yammar nan ya zo zance. Na saka atamfata ruwan goro da mayafi mai duwatsu, na zauna ina leƙen fuskarsa in ga ɓacin rai. Ko alama. Ya kawo wa Mama tsire a takarda, ya tambayi ƙafar Baba, ya yi ta ba ni labarin wata kwantena da aka buɗe aka tarar da kujerun aski. A ranar na san ina son mutumin nan da gaske, don na ga yadda maza suke komawa in sun yi asara. A ranar kuma na ji tsoronsa. Mutumin da fuskarsa ba ta nuna komai, ta yaya matarsa za ta san ranar da gida ya kama da wuta?

Ana cikin haka Baba ya sa Kawu Hayatu, yayan Mama, ya yi binciken da ake yi kafin a ba da mace. Sau uku yana hawa bensikin, wato babur na haya, zuwa Logbaba, yana dawowa yana mitar ramukan hanya da bayansa. Ya tambayi limami, ya tambayi mai gidan haya, ya tambayi ubangidansa a wajen aiki. Ya ce iyakar laifin da ya samo shi ne yaron yana da saurin tafiya. Mama ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, washegari har ta fara aiko mini da hotunan leshin anko, wai in zaɓa tsakanin ruwan zuma da shuɗi.

Saura abu ɗaya. Baba yana da al'ada tun kan yayyena mata biyu. Kafin ya ba manya rana, yakan kira yarinya ita kaɗai, ya zaunar da ita a tabarmarsa ya tambaye ta ko ta san wani abu game da mutumin da bincike bai gano ba. Ya ce mace tana ganin abin da kawu ba ya gani. Ya sa mini ranar Lahadi. Ni kuwa tunda nake ban taɓa kallon idon Baba na yi masa ƙarya ba.

Ranar Asabar da safe saƙo ya shigo.

"Rabi, zan zo da wuri yau, bayan la'asar. Akwai abin da zan nuna miki."

Na rubuta, "Alheri dai ko?"

"On verra," ya amsa, wato ma gani. Ko ɗan hoton murmushi bai sa ba, shi da ba ya rubuta kalma biyu ba shi.

Ya zo cikin yayyafi, ƙafar wandonsa duk taɓo. Muka zauna a baranda a kan fararen kujerun roba, Mama tana daga ciki tana tankaɗe, ƙofa a buɗe kamar kullum. Bayan gaisuwa ya ciro ƙaramar wayar. Tun ranar ruwan nan ban sake ganinta a fili ba. Ya ce shi ma yana rubuta bayani a kan duk wanda yake wasa da shi, akwai guda da yake so in karanta. Ya miƙo mini. A saman shafin an rubuta Tonton Jean.

Na daure, ban nuna komai ba. Wata bakwai ina koyon ɗaure fuska, ai ba a banza ba. Na karanta. Layin farko ya ce mutumin yana da haƙuri, ba a yi masa burga sau biyu. Na biyu ya ce ba ya wasa ranar Juma'a. Na uku ya ce kullum yana tashi ƙarfe ɗaya da minti ashirin da shida, da kuma uku da ashirin da shida, ya dawo bayan minti goma sha biyar.

Na ce to, mene ne abin mamaki, wataƙila magani yake sha.

Ya ce shi ma haka ya fara zato. Sai ya lura lokacin salla ne, amma duk masallatan da ya sani da rabi daidai suke kira. Masallaci ɗaya ne a Douala yake riga kowa da minti huɗu, don agogon ladaninsa yana gudu kuma ya ƙi a gyara masa. Kowa a layinmu ya san agogon Malam Abdulƙarim, har tsokanarsa ake yi.

"Layinmu akwai maza sun fi ɗari," na ce.

"Akwai," ya ce. Sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. "Karanta na ƙarshen, ni ba zan iya faɗa ba."

Na duba. An rubuta: kwana shida a kowane wata, ba ya tashi.

Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ja mayafi na rufe fuskata gaba ɗaya. Na yi tunanin suna, na yi tunanin tumbi da fansho da Japoma, ban taɓa tunanin cewa ranakun da nake fashin salla zama nake yi a tebur har a yi sallama a masallaci ba. Ba tsohon da ke yin haka. Ni da nake taƙama na gano ƙirgen bakwai ɗinsa, ashe shi kalandata gaba ɗaya ya gano. Kunya ta hana ni kuka, ta hana ni dariya, sai zufa kawai.

Ya bar ni na ɗan dawo hayyacina, sannan ya yi magana a hankali don kada Mama ta ji. Ya ce wata biyu ke nan da ya sani. Ya ce ranar da ya tabbatar, abinci bai shiga cikinsa ba, don bai so ya ga matar da zai aura a wannan teburin ba. Nan na buɗe fuska, raina ya ɓaci, na ce wato kai ya dace da kai, ni ce bai dace da ni ba. Ya ce a'a, ta nan ne ya gane shi ma bai dace da shi ba. Ya ce shekara huɗu yana ruɗin kansa da ambulan, wai kuɗin mai da na waya ne kawai, ba ya ci ba ya sha da su, sadakina ma daga albashinsa ya tara. Kuma sau nawa yana jinkirta la'asar don ya ƙarasa hannu ɗaya, ga Tonton Jean yana yar da karta mai kyau yana tashi.

Ya ce ya rufe asusunsa tun shekaranjiya, kuma gobe da safe zai zo ya faɗa wa Baba da bakinsa kafin a tambaye ni, don kada a sa ni tsaka mai wuya. Na ce to ni fa, me zai ce a kaina?

"Bar mini wannan," ya ce.

Da na sani da na matsa masa. Ban matsa ba, don na ji daɗin a ɗauke mini. Kuma tunda na yi alkawarin faɗa muku gaskiya, bayan ya tafi na buɗe manhajar da niyyar in rufe nawa asusun, na kai yatsa kan wurin, na kasa. Wata bakwai na haƙuri ne a ciki, kuma abu na farko ke nan a rayuwata da na iya ba tare da wani ya koya mini ba.

Lahadi da hantsi ya zo, suka shiga ɗakin Baba suka rufe ƙofa, kusan awa guda. Da ya fito bai nemi ganina ba. Mama ta yi ta kaiwa da komowa tana tambayata ko mun yi faɗa ne. Sai wajen ƙarfe uku da kwata Baba ya aiko a kira ni.

Yana zaune a tabarma, carbi a hannu, tabaransa a gefe kan Alƙur'ani. Na durƙusa. Ya ce yaron nan ya zo masa da magana mai nauyi, ya faɗa mini ita kamar ban sani ba, ni kuma kaina a ƙasa. Ya ce da farko ya yi niyyar ya nuna masa ƙofa. Amma Ɓoɓɓo har ya bar garin nan bai taɓa cewa na yi ba, kullum rantsuwa yake yi. Wannan kuwa ba wanda ya kama shi, Hayatu ma bai gano ba, shi ya kawo kansa. Saboda gaskiyar nan kaɗai, in ji Baba, zai ba shi wata shida ya gani, in ya tsaya a kan tubansa a sa rana.

Na fara sauke numfashi. Sai ya ci gaba.

"Na tambaye shi ko kin sani. Ya ce ba ki san komai ba, ko wayar ba ki taɓa gani ba." Ya ajiye carbin. "To Uwata, tambayata ta kullum ta zama guda ɗaya. Gaskiya ya faɗa?"

Ku tsaya ku duba inda Isma'il ya ajiye ni da ƙaunarsa. In na ce e, na yi wa Baba ƙarya ta farko, a kanta kuma za a gina aurena. In na ce a'a, na mayar da shi maƙaryaci a gaban mutumin da ya yafe masa don gaskiya kawai. Na ɗago na kalli fuskar Baba ina neman alama, yadda na saba nema a tebur. Ba burga a ciki, ba tarko. Bai san komai ba. Jira kawai yake in ce e, ya sa mini albarka. Wannan ne ya karya ni.

Na ciro wayata daga cikin hijabi, na buɗe, na ajiye ta a tabarma a gabansa. Koren teburin ya haska. Ya ɗauki tabaransa ya saka, ya sunkuya, ya bi rubutun da yatsa yana haɗawa a hankali.

"Ton... ton... Jean. Wane ne kuma wannan?"

"Ni ce, Baba."

Daidai nan Malam Abdulƙarim ya ɗaga murya, uku da ashirin da shida. Tunda na yi wayo, kafin ladan ya rufe baki a kabbarar farko Baba yake miƙewa ya nemi takalmi. Aka yi ta farko, aka yi ta biyu, aka kai ƙarshen kiran salla. Amma ranar Baba bai tashi ba, yana zaune, yatsansa a kan wayar.